Wa Ya Sauka Yau?

Masu aiko mini da saƙo suna tambayar ina babi na gaba, ku yi mini afuwa, yau ba da ƙagaggen labari na zo muku ba. Wata magana ce ta gidanmu da ta daɗe tsaye a wuyana, duk sanda na ɗauki biro zan ci gaba da littafin sai ta tare mini gaba. Shi ne na ce bari in sauke ta tukuna, ko na samu sarari.

Mahaifina tela ne. Ya fi shekara 50 yana taka keke a Fagge kafin ido ya gaza masa. Yanzu ya haura 80, yana gida, daga ɗaki sai masallacin ƙofar gida. Mutum ne da bai iya roƙo ba, ko ruwa yake so sai dai ya yi gyaran murya. Cikin watan Janairun 2025 na je gaishe shi, ina zaune ina ɓare masa lemo, sai kawai na ji ya ce, "Uwata, so nake ki kai ni tasha." Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na ce, "Baba, tasha kuma? Ina za ka da wannan sanyi?" Ya ce, "Ba ta mota ba. Tashar garinmu, ta jirgi."

Sai da gabana ya faɗi. Dalilin kuwa zan zo kansa.

Garin namu ba zan faɗi sunansa ba, domin maganar ta shafi mutane da 'ya'yansu. Abin da zan ce kawai, yana ƙasar Zazzau, gefen hanyar nan da ta tashi daga Zariya ta bi Soba da Dutsen Wai ta nufi Jos. Na san wani zai ce wane jirgi kuma a wannan hanya? Da gaskiyarsa, don rabon da jirgi ya bi ta nan tun 1957. Amma an yi shi. Turawa ne suka shimfiɗa shi saboda kuza. Kafin zuwansa a ka ake ɗauko kuzar daga tsaunukan Jos, 'yan alaro su yi ta dakon ta har Loko a bakin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Da dogon Kano ya ratso Zariya sai aka ja masa reshe. An fara aikin a 1911, ya kai Rahama a 1912, ya hau Jos da Bukuru a 1914, mil 143 ke nan daga Zariya. Suka laƙaba masa sunan Bauci alhali bai taɓa taka garin Bauci ba, don dai a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci. Ɗan ƙarami ne kuwa na gaske: tsakanin ƙarafan dogonsa ƙafa 2 ne da inci 6, na babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6. Baba da yake tela ne ba haka yake faɗa ba, cewa yake, "Inci 30, ko yadi bai cika ba." A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafancan, kuza ta koma bin can zuwa Fatakwal. Ƙaramin ya rage da ɗaukar mutane da kayan gona, ya yi ta ɗingishi shekara 30 motoci na cin kasuwarsa, har aka rufe shi aka kwashe ƙarafan.

Wannan duk daga baya na bi na sani. Farkon abin da na ji game da jirgin, a bakin kakata Iya ne, a 2001, da ta zo Kano ta yi mini wankan jego na haihuwar fari. Tsakaninta da Baba akwai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ga shi da furfura amma "yaron nan" take ce masa, in ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska ga bango. Ni kuwa jika ce kuma takwara, babu abin da ba ta faɗa mini. Cikin waɗannan darare, jariri ya hana mu barci, ta ba ni labarin.

Lokacin yaƙin Hitila ne. A 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kuza, sai suka juyo kan Jos da ƙarfi. Leburori suka yi kaɗan, aka koma tilas: a yanka wa hakimi adadin mutane, shi ya yanka wa dagatai, su kuma su bi gida gida. Ɗiban gwamna ake ce masa, an yi shi daga 1942 zuwa 1944. Mijin Iya na fari, wato kakana, ya faɗa ciki a 1943, tana da cikin Baba wata shida. An ce musu wata huɗu za su yi su dawo. Ranar tafiya aka tara su a tasha, dogarai na tsaye, ba a bar mata sun matso ba. Ta ce ta laɓe bayan wani ɗan mangwaro da bai fi tsayinta ba, ta ba wani yaro ƙunshin ƙuli-ƙuli ya miƙa masa. Riga ɗaya ce a jikinsa, ko bargo babu, mutumin da za a kai cikin sanyin Jos. Wata huɗu suka cika, wasu suka dawo a rame da tari, wasu dama sun gudo ta daji tun kafin lokaci. Wanda ya san shi ya ce ya baro shi kwance da ciwon ƙirji. Daga nan shiru. Ta yi shekara huɗu tana jira, alƙali ya yanke mata hukuncin matar wanda ya ɓace, ta yi takaba, aka aurar da ita ga wani ɗan'uwansa. Shi ne mahaifin Baffana.

Har nan kowa a gidanmu ya sani. Abin da ta rage murya ta faɗa mini shi ne wannan. Baba na da shekara takwas, tana goye da Baffa, wani ɗan garin mai fatauci ya sauka daga jirgin Jos ya shigo gaishe ta, maigidan ba ya nan. Ya ce mata ya gan shi da idonsa a kasuwar Bukuru, da ransa da lafiyarsa, yana da teburin nama, yana da mata da 'ya'ya. Sun gaisa. Ya tambayi me aka haifa, aka ce masa namiji, ya yi shiru, sannan ya ce in an koma gida a ce ba a gan shi ba. Iya ta haɗa mutumin da Allah kada ya faɗa wa kowa, ya kuwa riƙe har ya mutu. Ta ce da ni, "Takwara, ko yaron nan bai sani ba, kada ki kuskura. Ki bar shi da ubansa mamaci, ya fi masa uba magujiyi."

Wani abin kuma, tun daga lokacin ta fara soya ƙosai tana ɗora wa Baba talla zuwa tasha duk ranar jirgi. In ya dawo, kafin ta karɓi ciniki sai ta ce, "Wa ya sauka yau?" Na tambaye ta me take so ta ji. Ta ce, "Wallahi ni kaina ban sani ba, ya sauka ko kada ya sauka."

Iya ta rasu a 2006. Ni kuma na yi ta yawo da maganar shekara 24. Ku da kuke karanta littattafaina kun san sau nawa na ɓatar da uba a babi na biyu na dawo da shi a babin ƙarshe daga Landan ko Makka, da mota da hawaye da neman gafara. Haka masu saye ke so, kuma ni ma ban ƙi ba, da shi na biya wa yarana kuɗin makaranta. Amma uban da ya ɓace a gidanmu ban taɓa iya rubuta shi ba. Sau ɗaya na fara, na cika shafi huɗu, na yaga. To kun ji abin da ya sa gabana ya faɗi.

Autanmu ne ya ja mu. Muka bar Kano bayan asuba, Mama na ta jaddada mana mu dawo kafin magariba don hanya ba abin yarda ba ce yanzu. Da hantsi muna Zariya, muka haye Galma, muka shiga jerin motocin rake da na tumatir. A hanya Auta yake cewa ai ya taɓa ganin kan jirgin nan da taragunsa a gidan tarihi na Jos da makarantarsu ta kai su, shi ya ɗauka na wasan yara ne. Baba ya ce, "Wasan yara ne ya kwashe rabin mazan garinmu." Auta bai ƙara magana ba har muka sauka daga kwalta.

Baffa ya tarbe mu da murna, aka sha fura, aka yi gaishe-gaishen da ba sa ƙarewa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, tasha? Ai babu komai can sai shanya." Duk da haka ya ɗauki sandarsa ya shige gaba.

Abin da na fara lura da shi suna ne. Unguwar da ke wajen har yau Tasha ake ce mata. Na tambayi wani saurayi da ke zaune kan babur me ya sa, ya ce, "Hajiya, ai don nan 'yan acaɓa ke tsayawa ne." Saura kaɗan Baffa ya kai masa sanda. Yaron bai yi laifi ba, ubansa ma bai ga jirgin ba.

Muka bar gidaje muka shiga gonaki, an gama girbi, sai karan masara da awaki. Ina riƙe da hannun Baba. Idonsa ba ya gane fuska sai an matso, amma muna cikin tafiya sai ya tsaya ya buga ƙafa sau biyu ya ce, "Mun hau dogo." Ni ban ga komai ba sai turba. Sai da na ɗaga kai na dubi gaba sannan na gane. Duk wanda ya san ƙauye ya san turba ba ta miƙewa, sai ta kauce wa suri, ta zagaye iyakar gona, ta biya ta bakin rijiya. Wannan kuwa ba ta biya wa kowa, ta miƙe sak kamar an ja zare, har inda ƙurar hunturu ta shanye ta. Inda ta shiga fadama ta ɗaga sama ta kai ƙugun mutum, ƙasa ce aka tara da kwanduna aka daddale, fiye da shekara 100 ke nan ruwa bai cinye ta ba. Faɗinta daidai amalanke ɗaya. Baffa ya ce in damina ta yi nisa ita kaɗai ce hanyar da ba ta nutsewa, ta nan ake fitar da rake, ta nan ake fitar da mai naƙuda zuwa bakin kwalta. Manoman gefe kuma kowace shekara sai sun ɗan yagi kunya ɗaya daga jikinta, a wasu wuraren har ta tsuke, babur ɗaya ke wucewa. A can gaba inda ta haye rafi, ƙafafun gadar suna nan na dutse, tsaf kamar jiya aka gama, ƙarfen sama ne babu, an shimfiɗa azarar giginya a madadinsa.

Kusa da tashar ƙasar ta sauya launi. Ƙasar wajen ja ce, amma nan wani fili baƙi ƙirin. Baba ya sa na ɗebo masa, ya murza a tafinsa, ya shinshina. Ya ce nan kan jirgin ke tsayawa ya sha ruwa, a kwashe masa toka a zubar. Kwal ɗin Inugu ne, ya ce su yara sukan tsinci wanda bai gama ci ba su kai wa maƙera. Direban wani Bayarabe ne mai fara'a, in mata suka kawo ƙwarya yakan tsiyaya musu ruwan zafi daga jikin injin. Ya ce fasinjoji kan ce in jirgin ya fara hawan dutse bayan Jengre, mutum na iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya tarar da taragonsa. Na ce, "Baba, kai ka gani?" Ya ce, "Ni ban taɓa shigarsa ba." Wannan ban sani ba. Shekara shida yana talla a bakin tagogin jirgin nan, bai taɓa taka cikinsa ba.

Muna tsaye aka buga tashi a firamaren gari. Baba ya karkata kai ya ce, "Wannan ƙarfen dogo ne." Da za mu tafi Auta ya leƙa, ya same shi rataye a jikin darbejiya, guntu ne bai fi kamu uku ba, siriri, da hannu ɗaya ya ɗaga shi. Iyakar ƙarfen jirgin da muka gani a garin ke nan.

Ita tashar kanta daɓe ce. Daɓen siminti mai girman ɗaki biyu, ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagun ta bushe. Bango babu, kwano babu, tubalin ma an daɗe da kwashewa. An baza barkono a kai, ja wur, wata baiwar Allah na zaune gefe da ɗan tsumagiya tana korar kaji. Da ta ji ko su wane ne mu sai ta share mana kusurwa ɗaya ta shimfiɗa buhu. Baba bai zauna ba sai da ya zagaye daɓen da sandarsa yana nunawa: nan tagar tikiti take, nan sikelin gyaɗa, nan akawun tasha ke rataye fitila, nan ake jera buhuna. Yana faɗa yana kaucewa kamar kada ya yi karo da bangon. Daga gefe ga wasu guntayen kankare huɗu, ƙafafun tankin ruwa, yara sun mayar da su wurin zama. Ga kuma mangwaro uku, ɗaya ya tsufa har mutum biyu ba sa rungume shi. Ban ce komai ba, na je na tsaya a bayansa na dubi daɓen. Ana hango shi sarai, bai fi taku 30 ba. In da a nan ta tsaya, to ta ga fuskarsa har jirgin ya ɗaga.

Baffa ya ja Auta su je su gaida dagaci, don kada a ce mun shigo gari mun fita ba sallama. Aka bar mu mu biyu, barkono na ta sa mu atishawa. Baba ya dafa gefen daɓen ya ce, "Nan nake ajiye faranti." Ya yi shiru. Can ya ce, "In na koma gida, kafin ta karɓi kuɗi sai ta ce wa ya sauka yau." Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. Ina ta addu'a a zuci Allah Ya riƙe mini bakina, don alkawari na ɗauka wa mamaciya, ga kuma tsoho a gabana da nake ganin yana da haƙƙin ya sani kafin ya bar duniya. Tun daga Kano nake auna abin nan ban yanke ba.

Sai ya ce, "Ta gaya miki, ko?"

Na ce, "Me fa, Baba?"

Ya ce, "Uwata, kar ki yi mini irin na littafi. Ranar da mutumin nan ya zo ina bayan rumbu ina gyaran tarko. Babu abin da ban ji ba."

Wallahi sai na ji ƙafafuna sun mutu, ga shi a zaune nake. Tun yana ɗan shekara takwas. Ita tana ɓoye masa, shi yana ɓoye mata cewa ya sani, suna gida ɗaya, ita ba ta iya kallon fuskarsa, shi ba ya iya tambayarta, har ta koma ga Allah. Ya ce duk jirgin da ya iso daga Jos sai ya bi taragun ɗaya bayan ɗaya yana kiran ƙosai, amma ba masu saye yake dubawa ba. An sha gaya masa ya ɗauko wushiryar ubansa, don haka bakin mutane yake kallo, yana jiran wani ya yi dariya. Ya ce ya riƙa rage ahu da kwabo daga ladan tallarsa yana tarawa a gwangwanin madara, ya binne a gindin ƙafar tankin can ta gabas, da niyyar in sun isa ya yanki tikitin Jos. Sun kusa isa aka ce an rufe jirgi. Yana da shekara 14, yana tsaye a nan leburori suka zo suna kwance ƙarafan suna lodawa. Ranar da ya koma gida ba faranti, Iya ba ta tambaye shi komai ba, kuma ba ta sake soya ƙosan sayarwa ba.

Na ce, "Amma Baba, ai motoci na zuwa Jos."

Ya ce, "Suna zuwa." Ya ɗan jima. "Ni ma na je daga baya, ya fi sau goma, ɗaurin aure da sayen kaya. Na ratsa Bukuru a mota. Ban sauka ba."

"Me ya hana?"

"Ita ta ce ya mutu. Ni zan ƙaryata ta?"

Na rasa abin cewa, sai na tambaye shi kuɗin gwangwanin fa. Ya ce da su ya sayi almakashinsa na farko da ya je koyon ɗinki Zariya. Sannan ya yi 'yar dariya, wushiryar ta fito, ya ce, "Wa ya sani ko kina da dangi a Bukuru, suna sayen littattafanki ba ku san juna ba." Ya ce shi dai tun yana yaro yake sa shi a addu'ar mamata, da farko yana jin kamar ƙarya yake yi wa Allah, amma yanzu hankalinsa a kwance yake, don ko ta wace hanya aka bi mutumin ya riga ya mutu. Ya ce wuri ɗaya ya sani a duniya da ya tabbata ƙafar ubansa ta taka, shi ne wannan daɓen, shi ya sa ya so ya zo tun yana iya tafiya. Ya ɗaga hannu muka yi fatiha, mai barkonon ma ta shafa tare da mu ba ta san ta wa ba ce.

Da muka hango su Baffa na dawowa, sai ya kama hannuna ya ce, "Kada Baffanki ya ji. Bai da laifi a ciki, kuma mutane ba su iya bakinsu ba." Ban faɗa ba. Baffa ya rasu da daminar shekarar, Allah Ya jiƙansa. Bayan an yi arba'in Baba da kansa ya ce mini, "Yanzu kya iya rubutawa, amma ban da suna, kuma kada ki dawo da shi a ƙarshe."

Ranar dai kafin mu tashi Baba ya ce a auna masa mudu biyu na barkonon. Matar ta rantse ba za ta karɓi kuɗi ba, ya rantse sai ta karɓa, aka yi ta ja har Baffa ya raba su, ta karɓi na mudu ɗaya. Muka yi la'asar a hanya, muka shiga Kano ana kiran magariba. Mama na tsaye a tsakar gida, ta ce, "To Malam, an sha hanya. Me kuka gano a tashar?"

Ya miƙa mata ledar ya ce, "Barkono." Sannan ya yi gyaran murya, na ɗauko masa buta.